Jagora: yadda ake zaɓen motar gida mai jan jirgin ruwa a Amurka, da tanadin agajin gaggawa na hanya

Masu karatu mazauna Amurka sun sha maimaita wannan tambaya: mutum yana da ƙaramin jirgin ruwa mai inji na kamun kifi ko na shaƙatawa, yana son sayen motar gida, wadda can ake kira RV, ya riƙa jan jirgin zuwa tafki tare da iyalinsa. Wace iri zai saya? Kuma in mota ta lalace, ko ciwo ya kwantar da shi nesa da gida, wa zai kira?

A can da laba, ƙafa, mil da galan ake awo, su ne kuma za ka gani a jikin mota, don haka da su za mu yi lissafi. Laba 1,000 daidai take da kilo 454. Ƙaramar tirelar da ake ɗora jirgi a kanta kuwa amalanke za mu kira ta, don kada a rikita ta da babbar motar kaya.

1. Auna jirgin kafin ka leƙa kowace mota

Nauyin da ke rubuce a takardar kamfanin jirgi sau da yawa na gangar jiki ne kawai, babu mai, babu batir, babu amalanke, wani lokaci ma babu inji. Ga misalin yadda lissafin yake hawa a jirgin kamun kifi mai tsawon ƙafa 18: gangar jiki laba 1,900, inji mai ƙarfin doki 150 kusan laba 480, fetur galan 40 laba 240 tunda kowane galan laba 6 ne, batir uku laba 165, tarkace irin su anka, rigunan ruwa, kula da kayan kamu laba 250, amalanke laba 900. Jimla laba 3,935, fiye da ninkin abin da takarda ta nuna.

Ido ba mudu ba ne, sai ka kai shi sikeli. Yawancin manyan tashoshin man tireloli suna da sikelin CAT, kuma awo ɗaya bai kai dala 20 ba. Ka cika tankin jirgin, ka loda masa kayan da za ka riƙa tafiya da su. Sikelin faranti uku gare shi: tayoyin gaban mota a na farko, na baya a na biyu, amalanke a na uku. Ka auna a haɗe, ka je ka kwance amalanken a filin ajiya, ka dawo ka sake auna motar ita kaɗai. Awo na biyu ya fi araha in a rana ɗaya aka yi. Bambancin jimlar awon biyu shi ne nauyin jirgi da amalanke. Abin da ya ragu daga faranti biyun farko shi ne nauyin da wuyan amalanke ke dannawa a kan motar.

Gargaɗi: nauyin wuyan amalanken jirgi ya kamata ya kasance tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na jimlar. In ya gaza haka, amalanken zai riƙa wutsil-wutsil a baya da zarar an kama gudu, domin injin jirgi ya rinjayar da nauyi can ƙarshe. Maganinsa matsar da jirgin gaba kaɗan a kan amalanke, ko matsar da aksil baya.

2. Karanta lambobin motar da kanka

Lambobi huɗu ne ke yanke hukunci. GVWR shi ne iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta. GAWR iyakar kowane aksil ne. Waɗannan biyun suna kan takardar da aka manna kusa da kujerar direba. GCWR iyakar mota da abin da take ja ne a haɗe, a littafin mota ake samunsa. Na huɗun yana jikin ƙugiyar jan kaya ta baya: iyakar abin da za ta ja, da iyakar abin da zai danna ta. Wanda ya fi ƙanƙanta cikin lissafin, shi ne iyakarka.

Ɗauki motar da aka gina a kan shasin Mercedes Sprinter 3500, mai GVWR laba 11,030 da GCWR laba 15,250. Dillali zai nuna maka ƙugiyar laba 5,000 ya ce za ta ja jirginka har da rara. To, ka ce motar ta kai laba 10,700 da mutane, ruwa da abinci. Haɗe da jirgin misalinmu ta zama 14,635, ba ta tsallake GCWR ba. Amma wuyan amalanke ya ɗora mata kusan laba 275, ta koma 10,975, saura laba 55 kacal ta kai maƙura. Ƙarin ruwa galan 7 ya isa ya cinye wannan rarar, domin galan ɗaya na ruwa laba 8.3 ne. Shasin Ford E-450 kuwa GVWR ɗinsa 14,500 ne, GCWR 22,000, wato akwai sararin laba 7,500 ko da an cika shi taf. Sai dai in kamfanin da ya gina gidan ƙugiyar 5,000 ya sa, to 5,000 ɗin ce magana.

Akwai kuma wata takarda ruwan ɗorawa a bakin ƙofa da ke faɗin nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka bayan an gama gina ta. Iyalin mutum biyar da kayansu da cikakken tankin ruwa suna iya cin laba 1,500 ba tare da an yi almubazzaranci ba. In takardar ta ce 900, kada kyan kujerun ya ruɗe ka.

Gargaɗi: motar gida tana da doguwar jela bayan tayoyin baya, kuma wannan jelar tana ninka nauyi. In tazarar ƙugiya daga aksil ɗin baya ta kai rabin tazarar da ke tsakanin aksil biyun, laba 300 a ƙugiya za ta zama laba 450 a kan tayoyin baya, gaba kuma ya yi sakayau, sitiyari ya rage kamu. Shi ya sa ake duba GAWR na baya daban. Mai hankali yana barin rarar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, musamman in zai hau duwatsun yammacin ƙasar.

3. Zaɓi nau'in da ya dace da jirginka

Nau'in B ƙaramar bas ce da aka mai da gida. Ita ta fi daɗin ribas a gangaren sauke jirgi, tana shiga filin ajiyar motoci kamar kowace mota. Matsalarta ƙarancin ƙarfin ja: tsakanin laba 3,500 da 5,000. Wadda aka gina a kan Ram ProMaster da tayoyin gaba take ja, kuma a kan gangare mai gansakuka nauyi yana komawa baya, tayoyin gaba su yi ta juyawa a banza. Ga jirgin gorar ruwa mara nauyi babu laifi.

Nau'in C, mai ɗaki a saman kan direba, shi ne tsaka-tsaki. Wanda bai wuce ƙafa 24 zuwa 26 ba a kan E-450 ya fi dacewa da yawancin masu jirgi da iyali. Daga ƙafa 30 zuwa sama jelar ta yi tsawo.

Nau'in A mai kama da doguwar bas yana da daɗin zama. Mai fetur galibi ƙugiyar 5,000 gare shi, mai dizal da inji a baya kan ja 10,000 ko fiye. Wahalar tana bakin ruwa, za mu zo kanta.

A-kori-kura mai ja da taya huɗu da aka ɗora wa ɗakin kwana a bayanta ita ce zaɓin masu kamun kifi na gaske. Kana iya sauke ɗakin a zango, ka tafi gangare da motar kaɗai. Ɗakin ƙanƙani ne, kuma yana cinye yawancin nauyin da motar ke iya ɗauka, don haka manyan a-kori-kura irin F-350 ake nema. Gargaɗi: in ɗakin ya zarce bayan motar, dole a ƙara wa ƙugiya tsawo, kuma sandar ƙari ta gama-gari tana iya rage ƙarfin ƙugiyar da rabi. Akwai waɗanda aka ƙera musamman don wannan aiki, irin SuperHitch da SuperTruss na kamfanin Torklift.

Saura jan abu biyu a jere: a-kori-kura ta ja gidan tirela, gidan kuma ya ja jirgi. Ba a iya ribas da shi, kuma doka ta takura shi. Sabon shiga ya bar wannan.

4. Gwada gangaren kafin ka biya kuɗi

Wannan mataki ne aka fi tsallakewa. Je gangaren da za ka fi amfani da shi ka tsaya ka kalli yadda ake saukewa. Duba inda tayoyin bayan motoci ke tsayawa lokacin da jirgi ya tashi daga amalanke. A gangare mai kwanciya sai an kutsa sosai kafin jirgi ya yi iyo, kuma motar gida mai doguwar jela za ta tsoma salansa, janareta da akwatunan kaya na ƙasa cikin ruwa tun tayoyinta ba su jiƙe ba. In ruwan gishiri ne, tsatsa ta samu gida.

Auna filin juyawa ma. Mota mai ƙafa 32 da amalanke mai ƙafa 22 sun kai ƙafa 54, ƙananan tafkuna da yawa ba su da inda za a juya wannan ko a ajiye shi. Sannan motar gida ta fi amalanke faɗi, don haka amalanken da babu jirgi a kansa ba ya bayyana a madubi sai ya riga ya karkace. Kyamarar baya da dogayen sanduna biyu a gefen amalanke suna rage wannan. Wasu kan sa ƙugiya ta biyu a gaban motar, su tura jirgin cikin ruwa suna kallonsa.

Ka tuna kuma duk safiyar da za ka kai jirgi ruwa da motar gida, sai ka cire wayar wuta da tiyon ruwa, ka naɗe rumfa, ka tashi masu barci. Zangon da ke da wurin ɗaure jirgi a ruwa ya ɗauke maka wannan: saukewa ɗaya ran isowa, ɗaukewa ɗaya ran tafiya.

In motar ta hannu ce, ka biya mai duba motocin gida mai zaman kansa, ko da zai ci ɗaruruwan daloli. Ka ce ya shiga ƙarƙashi ya duba inda aka yi wa shasi ƙari da walda a baya, domin a nan ƙugiyar take maƙale.

5. Ƙugiya, birki da wayar wuta

Dunƙulen ƙarfen da amalanke ke hawa girma uku ne: inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. An buga girman a kan bakin amalanken. Bakin inci 2 zai zauna a kan dunƙulen 1 da 7/8 kamar lafiya lau, sai an faɗa rami ya fice. Sarƙoƙin tsaro a gicciye ake ɗaura su ƙarƙashin wuya. Ƙugiyar motar gida takan yi sama, sai an sa sanda mai saukowa don amalanke ya miƙe daidai. In amalanke mai aksil biyu ya ɗaga hanci, tayoyin baya ne za su ɗauki wahalar har su fashe.

Birkin yawancin amalanken jirgi na turi ne: mota ta rage gudu, amalanke ya turo, birki ya kama. Saboda haka yana kamawa in ana ribas ma, sai dai in soket ɗin mai baki biyar ne, na biyar ɗin haɗe da fitilar ribas yana sakin birkin. Motar gida takan zo da soket mai baki bakwai, sai ka sayi mahaɗin da ya dace, ka gwada ribas a kan ɗan tudu tun a gida. A doguwar gangara irin wannan birki yana ci gaba da kamawa har ya yi zafi, don haka ka sauka da ƙaramar giya, ka tsaya ka taɓa cibiyar taya lokaci-lokaci.

Boris ɗin amalanke shi ya fi ajiye mutane a gefen titi. In an tsoma shi ruwa da zafinsa, yana zuƙo ruwa ciki, giris ya lalace. Ka ba shi minti 15 ya huce kafin saukewa, ka sabunta giris kowace shekara, ka riƙe boris ɗaya cikakke a akwati da safaya da jak da ya dace da amalanken. Lambobi huɗun ƙarshe na jerin da ya fara da haruffan DOT a jikin taya mako ne da shekarar ƙira: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Tayar amalanke tsufa ke kashe ta, ko zanenta bai cinye ba. Ta kai shekara biyar, a canza.

6. Duba dokar kowace jiha da za ka ratsa

Faɗin da aka yarda ba tare da izini na musamman ba ƙafa 8 da inci 6 ne a yawancin jihohi. Tsawon mota da amalanke a haɗe ƙafa 65 ne a jihohi irin Texas da California. Jihohi da yawa suna wajabta birki a amalanken da ya kai laba 3,000. A Texas 4,500 ne. A California duk mai jan amalanke ba ya wuce gudun mil 55 a awa. Texas tana neman lasisi na daban in GVWR na motar ya kai laba 26,001. Jan abu biyu a jere haramun ne a yawancin jihohin gabar gabas. Michigan ta yarda har ƙafa 75 ga mai tambarin R a lasisinsa, Minnesota ƙafa 70.

Jihohi irin Montana, Idaho da Wyoming suna da shingayen duba jiragen ruwa saboda ƙananan ƙumbunan ruwa masu yaɗuwa, kuma tsayawa dole ce. Ka wanke jirgi, ka tsiyaye shi, ka busar. A Minnesota doka ce a cire toshiyar ramin zubar ruwa yayin tafiya. Kada ka manta mayar da ita kafin ka sauke jirgin.

7. Raba agaji gida huɗu

Katin agaji ɗaya ba ya rufe komai, kuma nan mutane ke shan mamaki a ranar da ba ta dace ba.

Na farko na motar gida ne. Janwen ƙananan motoci ba ya ɗaukar ta, sai babba, kuma kuɗinsa na iya haura dala dubu. Coach-Net, Good Sam da tsarin RV na AAA suna wannan aiki. Ka tambaya: zuwa ina za a ja ni, garejin da ya fi kusa wanda ya iya irin motata ko mil ƙayyadadde? Ana turo makanike wurin?

Na biyu na amalanke ne. Tambayar a nan: in motar ce ta lalace, me zai faru da jirgin da ke bayanta? In amalanken ne ya karye, za a zo? BoatUS na da ƙarin tsari mai araha da ke jan amalanke da motar da ke jansa har mil 100, amma ka nemi a tabbatar maka a rubuce cewa girman motarka ya shiga.

Na uku na kan ruwa ne: kamfanonin jan jirgin da ya lalace, TowBoatUS ko Sea Tow. Wanda ba mamba ba yana biyan ɗaruruwan daloli a awa, kuma ana fara ƙirga daga tashin jirgin agaji har komawarsa. Kuɗin zama mamba na shekara na ruwan daɗi dala 100 da wani abu ne, na teku ya kusa ninka haka. Ka duba taswirarsu ko suna da jirgi a tafkinka. Gargaɗi: ja daban, ceton jirgi daban. Mai ya ƙare, batir ya mutu ko inji ya ƙi tashi, ja ne. Jirgi ya hau dutse ko yana nutsewa, ceto ne, inshorar jirgin ce ke biya, kuma kuɗin na iya zama wani kaso na darajarsa. Kafin a jefo maka igiya ka tambayi direban wanne ne cikin biyun.

Na huɗu na jikinka ne.

8. Agajin lafiya: abin da za ka tambaya

Irin wannan tsari ba ya biyan kuɗin magani. Jigila yake shiryawa ya biya. Ofishin binciken kuɗi na gwamnatin Amurka, GAO, ya gano cewa a 2017 matsakaicin kuɗin ɗaukar mara lafiya a jirgi mai saukar ungulu ya kai kusan dala 36,400. Dokar da ta fara aiki a Janairun 2022 ta hana a cajin mai inshora rarar kuɗin jirgin sama na gaggawa, amma ba ta haɗa da motar asibiti ba, ba ta kuma mayar da kai asibitin garinku.

Tsare-tsaren sun bambanta. Medjet na ɗauke wanda aka kwantar a asibitin da ke mil 150 ko fiye daga gida zuwa asibitin da ya zaɓa, daga asibiti zuwa asibiti kawai. Global Rescue na zuwa inda aka ji ciwon. MASA ta fi karkata ga kuɗin motar asibiti da jirgin gaggawa. Good Sam TravelAssist an tsara shi ne don masu motar gida, yana haɗa da mayar da mota gida.

Ka karanta takardar sharuɗɗa, ka nemo amsar waɗannan. Wa ke yanke shawarar ɗauke ka, likitansu ko kai? Asibiti mafi kusa ko na gida? In direba ya kwanta, za su turo wanda zai tuƙa motar, kuma tare da jirgin a bayanta? Wa zai raka yara gida? Me suka ce kan hawan jini ko ciwon suga da kake da shi tun da? Akwai iyakar shekaru ko iyakar kwanakin tafiya? Kanada da Meziko sun shiga? A Meziko sai da inshorar mota ta kamfanin ƙasar, Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, kuma galibi ba ya aiki a wajen Amurka.

Ga ɗan Najeriya, Nijar ko Gana akwai ƙarin tambaya: me kalmar gida ke nufi a takardar? Yawanci adireshin da ka yi rajista da shi ne, Houston ko Bronx, ba Kano ko Damagaram ba. Haka batun gawa, in ta Allah ta kasance: ka tambaya ko suna biyan jana'iza a inda aka rasu a madadin jigila, tunda Musulmi gaggauta binnewa yake so. Mahaifi ko surukar da ta zo ziyara daga gida ba ta shiga tsarin iyali kai tsaye, sai an saya mata inshorar baƙi daban.

9. Tsarin kira ranar da abin ya faru

In rai na cikin haɗari a ƙasa, 911 ne farko. A teku da manyan tafkunan arewa, tasha ta 16 a rediyon VHF, inda dakarun tsaron gaɓar teku ke saurare. Ceton rai kyauta suke yi, amma jirgin da mai ya ƙare masa cikin ruwa mai lafiya ga 'yan kasuwa suke miƙa shi. Inda babu sabis na waya, na'urar kiran ceto ta PLB mai aiki da tauraron ɗan'adam ba ta da kuɗin wata, rajistarta da hukumar NOAA kyauta ce. Garmin inReach na aika saƙo a amsa, amma sai da biyan wata-wata.

Da zarar an daidaita mara lafiya, a kira kamfanin agaji kafin a shirya kowace jigila. Yawancinsu ba sa mayar da kuɗin abin da ka shirya da kanka, ko janwe ne ko jirgin sama. A rubuta lambar ƙarar da sunan wanda aka yi magana da shi.

Ka buga takarda ɗaya mai ɗauke da lambobin waya huɗun, lambar mamba, tsawo da tsayi da nauyin mota da na amalanke, girman tayoyi, da magungunan kowa. Kwafi ɗaya a gaban mota, ɗaya cikin leda a jirgi, ɗaya a hannun wani ɗan'uwa da bai bi ku tafiyar ba. Uwargida ko babban ɗa su gwada kwance amalanke da sa masa weji tun a ƙofar gida, domin mai janwe zai iya neman a raba su kafin ya ɗaga motar.